Robar Bakin Gilashi

Akwai wani wari da ya ɓace daga garin nan a hankali, ba wanda ya yi masa rakiya. Warin foti ne, farin ƙullun nan na garin alli da man linsid da ake liƙe gilashi da shi a jikin tagar ƙarfe ko ta katako, wari mai maiƙo, mai ɗan ɗaci a maƙogwaro, wanda in ya kama tafin hannunka sai ka ci tuwon dare da shi, ka yi alwalar asuba da shi, ka shiga ɗaki Inna ta ce matsa can, kana warin shago. Murza shi ne aikina na farko a duniya. A ba ni curi guda mai tauri daga cikin gwangwani, in zauna a kan benci in yi ta juya shi tsakanin hannuwa har ɗumin jikina ya shige shi, ya yi laushi, ya daina tsagewa in an ja shi. Sai in miƙa. Maigida ya taɓa da babban yatsa, in bai yi ba ya maido mini ba tare da ya ɗago kai ba.

A 1986 Baba ya kai ni shagon, can bayan kasuwar Ƙofar Ruwa, ya kama hannuna ya sa a cikin na Maigida ya ce, “Malam, ga amana nan.” Maigida ya ce, “Allah Ya ba mu ikon riƙewa.” Ba a ƙara komai a kai ba. Ni kuwa daga gidan da na fito babu gilashi ko ɗaya in ban da madubin Inna da kwalbar fitilar ƙwai. Tagar ɗakin kakata a gindin Dala wata 'yar kafa ce can sama kusa da azara, da ƙyar kyanwa za ta zura kai, in hunturu ya sauka a cusa mata tsumma, a saki asabari a bakin ƙofa, a jawo kasko da garwashi tsakiyar ɗaki, mu kewaye shi muna jin ƙamshin ƙaro da take barbaɗawa. Iyakar sanina da taga ke nan. Har yau ina mamakin yadda aka ɗauki yaron da ya tashi a wannan ɗaki aka damƙa masa abin da ke fashewa.

Shagon ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, da wani faffaɗan tebur da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, a nan ake kwantar da gilashi. Jikin bango duk fallaye ne a jingine, mai kaurin milimita 3 na hoto da kabad, mai 4 da mai 5 na taga, da mai dishi-dishin nan na makewayi da ba a gane mutum ta cikinsa. Rediyo tana rataye a ƙusa, kullum tana Kaduna. Dayamon ɗin Maigida kuwa ba ya kwana a tebur. Yana cikin aljihun 'yar shararsa, naɗe a ƙyalle, sai zai yi yanka ya zaro shi, ya tsoma bakinsa a murfin kwalba mai ɗigon kananzir, ya aza katakon awo, ya riƙe numfashi, ya ja. Sau ɗaya tak. Wani siririn kuka yake yi a kan gilashin, ƙiiii, mara yankewa, daga jin kukan ka san ko yankan ya kamu, sannan ya zura fensir ƙarƙashin layin ya danna gefe da gefe, ƙas, falle ya zama biyu. Ƙasan shagon kullum cikin ƙyalli yake saboda ɓarɓashi, shi ya sa cikin sa'o'ina na unguwa ni kaɗai ke yawo da takalmi sau-ciki ba Sallah ba.

Tagogin da na tarar ana yi na ƙarfe ne da foti, sai masu fallayen gilashi a jere da ake jan mariƙi su buɗe baki ɗaya, waɗanda ƙura ba ta neman izininsu ko a buɗe suke ko a rufe. Muna cikin haka alminiyam ya mamaye gari, kowane sabon gini sai tagar da ake turawa gefe, kuma tare da shi ne baƙar roba ta shigo shagonmu. A naɗe take zuwa, a rataye ta kusa da rediyo. Akwai mai baki biyu da ke rungumar gefen gilashi, akwai mai tsini da ake cusawa tsakanin gilashi da firam, akwai wata mai gashi-gashi ta inda taga ke goga 'yar uwarta. Warinta kamar na sabuwar tayar keke, ranar da aka kwance ta daga takarda. Maigida bai yi maraba da ita ba da fari, yana cewa foti aikin hannu ne, wannan kuwa inji ya riga ya gama tunaninsa. Amma mutum ne da ba ya barin abu ya zauna a shagonsa bai san halinsa ba. Kafin shekara ta zagayo ya fi masu sayar da ita saninta.

Wata safiya ya yanko guntu biyu daga naɗi ɗaya, ya samo ragowar alminiyam biyu masu tsagi. Ɗaya ya ja ta da ƙarfi har ta siranta, ya cusa ta daga wannan baki zuwa wancan, ya datse abin da ya yi saura, ta zauna sumul gwanin sha'awa. Ɗayar kuwa ya yanke ta ta fi tsagin tsawo da kamar yatsa biyu, ya yi ta tura ta yana cusawa har duk ta shige. Ya ce in hau in ɗora su a kan kwanon shago. Can suka zauna, rana ta dake su, sanyin asuba ya dake su, har na manta da su. Ranar da ya tuna ya ce in sauko da su, wadda aka ja ta janye daga baki biyun, ta bar fili har ƙaramin yatsana yana shiga. Ɗayar tana nan inda aka bar ta.

“Yaro, ka gani?”

“Na gani, Maigida.”

“Roba ba ta mantuwa. Duk tsawon da Allah Ya yi ta da shi, can za ta koma, ko bayan ka karɓi kuɗinka ka tafi.”

Daga ranar hannuna ya koyi tafiyar da har yau bai sake ba. A fara da kusurwa, a tsallaka ɗaya kusurwar, a dawo tsakiya, sannan tsakiyar abin da ya rage, kullum babban yatsa yana tura robar baya, wajen inda aka fito, ba gaba ba. In doguwa ce mai zagaye taga duka, mahaɗarta a sama take, don ƙasa wurin kwanciyar ruwa ne. Da yawa cikin tagogin da ake kiranmu gyara ba abin da ya same su illa wanda ya haɗa su ya ja roba don naɗi ɗaya ya ishe shi gida guda.

Ina tuna gwangwanin. Na madarar gari ne, fentinsa ya goge, an huda bakinsa an sa masa mariƙin waya, cikinsa ruwa da ɓallin sabulun wanki da wani tsohon buroshin haƙori da gashinsa ya baje. Da ruwan sabulun nan ake shafa roba ta zame cikin tsagi, in ya bushe kuma ta kame. Kananzir na dayamon ne kaɗai, bai halatta ya kusanci roba ba, haka baƙin mai, don suna kumbura ta, ta yi laɓo-laɓo, ta mutu tun da sauran kwananta. Da sanyi in ta ƙage ta ƙi lanƙwasuwa, sai a aike ni wajen mai shayin bakin titi in roƙo ruwan zafi, ya zuba mini yana tsokanata wai yaushe roba ta fara karin kumallo, in dawo ina taka-tsantsan, tururi yana dukan fuskata. Mu tsoma ta ciki. Ta saki jiki.

Kakarmu ta aiki ba damina ba ce, gabanin hunturu ne. Da zarar an fara yankan dawa, sararin sama ya fara yin fari-fari ta gabas, leɓe ya fara tsagewa, sai aike ya yawaita, daga Fagge, daga Gwammaja, daga cikin birni. Maigida a kan Raleigh ɗinsa, ni a baya, naɗin roba a wuyana, gwangwani yana kaɗawa a jikin kariya. A gidaje da yawa shi iyakarsa zaure. A shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa a kwanon sha, daga ciki a ce, “Yaro ne ai, ya shigo.” Sai ya karanta mini abin da zan yi tun daga waje, in cire takalmi in shiga ni kaɗai. Ta haka na ga ɗakunan matan Kano da idon da ba wanda ya damu da shi: gado mai rumfa, jeren kwalla da kumbo da samira har kusa da rufi, ƙamshin turaren wuta da ya kama labule, agogon bango da ke buga awa. Hajiya ta sa yatsa ta shafi murfin kwalla ta nuna mini. “Dubi nan, ɗan nan. Jiya da yamma aka goge.” In je bakin taga in kara bayan hannuna da na jiƙa da ruwa, in bi gefen gilashin a hankali har in ji inda sanyi ke huda. Kusan kullum a kusurwa ne. In na gama, a ƙunsa mini alkaki ko dubulan a takarda, a ce in gai da Maigida. Ban taɓa ci ba sai na kai masa ya gutsura ya ce in cinye sauran.

A shekarun nan ne kunnena ya buɗe. Ina tafe a titi, babbar mota ta wuce, in ji gilashin wani bene yana karkarwa, in san cewa robarsa ta bushe. In kwana a gidan 'yan uwa, iska ta taso da tsakar dare, wata taga ta fara fito siriri, kowa yana barci ni ina kwance ina lissafin ta wace kusurwa ce. Wai ni ne wannan? Yaron da bai mallaki ɗakin kansa ba, yana kwana da damuwar tagogin mutane.

Shekaru suka ja, aka yaye ni, na kama nawa shagon a Kurna, na yi aure. Bayan shekarar 2000 da kaɗan, wata rana Maigida ya aiko yaro ya ce in zo da kayan aiki, za mu Nasarawa. Wani Alhaji ne ya yi gini ya sa tagogin da aka yo masa odarsu daga Turai, farare tas, ba ƙarfe ba, ba katako ba, ba alminiyam ba. Farar roba ce mai tauri. Waɗanda suka kafa su sun daɗe da barin gari. Yanzu gilashi yana kaɗawa in an rufe ƙofa da ƙarfi, ƙura tana kwanciya a dandamalin taga, da damina kuma ruwa ya tsattsafo ya ɓata fentin bango. An riga an ba Alhaji shawara ya ɓalle su duka ya zuba alminiyam, har an yi masa lissafi. Wani abokinsa ne ya ce a bari tsohon nan na Ƙofar Ruwa ya gani tukuna.

Lokacin idon Maigida ya fara rauni, yana sa tabarau mai ƙafa ɗaya da aka ɗaure da zare. Bai taɓa irin tagar nan ba a rayuwarsa, ni ma haka. Na zaci zai ce a kawo sukundireba. Bai ce ba. Ya tsaya gabanta ya shafa ta da tafin hannu daga sama har ƙasa, ya ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa ya kara kunne, ya ce cikinta rami-rami ne, kuma akwai ƙarfe a wani wurin. Ya duba kusurwa ya ga ba ƙusa, ba noti, an narka bakin biyu ne aka haɗe su suka zama abu ɗaya. Babu foti, babu inda za a ce ga ta inda gilashi ya shiga. Ya ja kujera ya zauna yana kallonta, har mai gadi ya kawo shayi ya sha. Ni duk na ƙosa. Can ya miƙe ya sa farcen babban yatsa yana bin gefen firam ta cikin ɗaki, sai farcen ya faɗa wani layi siriri da ido ba ya kamawa. Ya bi shi har ya zagaye gilashin.

“Zo ka gani. Ga ƙofarta nan.”

Ashe wani siririn kara ne na farar robar, guda huɗu, ɗaya a kowane gefe, su ne ke danne gilashin, kowanne da ɗan ƙugiya a bayansa da ke shiga tsagi ya kame. Ya ce in ba shi tsohuwar wuƙar foti, wadda bakinta ya dakushe. Ya zaɓi kara mafi tsawo, ya sa bakin wuƙar a tsakiyarsa, don a nan ne yake da wurin lanƙwasuwa, kusurwoyin kuwa a cije suke da juna. Ya murɗa hannu kaɗan. Ɓas. Karan ya ɗago ya yi doro, ya bi shi da yatsu ya zare. Kafin ya ajiye ya ciro fensir daga bayan kunne ya rubuta a bayansa da ajami, dama. Haka ya yi wa sauran, hagu, ƙasa, sama, don kowanne ya koma ɗakinsa. Na sama shi ne na ƙarshe, ni kuma na tokare gilashin da tafuka biyu da ƙirji.

Nauyinsa ya ba ni mamaki. Falle biyu ne masu milimita 4, an bar iska a tsakaninsu an liƙe gefen, kuma murabba'in mita ɗaya na gilashi mai wannan kauri kilo 10 ne, ga shi an ninka. Muka sauke shi a kan bargo muka leƙa inda ya tashi. Abin da muka gani ya sa Maigida ya yi murmushi, murmushin wanda ya haɗu da tsohon sani a baƙon gari. Ƙurar hunturu ta shekaru ta taru a ƙasan firam, ruwan damina ya dama ta, ta bushe ta zama laka. Akwai wasu 'yan kafofi da aka yanka a ƙasan don duk ruwan da ya sato hanya ya fice waje, duk sun toshe, ɗaya ma zanzaro ya yi gini a cikinta. Irin wannan gilashi ba ya zama kai tsaye a kan firam, akan ɗora shi a kan 'yan weji na roba mai tauri, to nan ɗaya ya zame gefe, ɗayan kuma babu shi, kwali aka ninka aka cusa, ya jiƙe ya ruɓe. Gilashin ya zauna a karkace. Baƙar robar kuwa ta janye daga kowace kusurwa, wani wurin ta bushe tana karyewa ƙas-ƙas a hannu.

Ya dube ni ta saman tabarau. “An ja ta,” ya ce.

Da buroshin haƙori da tsinken tsintsiya muka yi rabin aikin. Na share tsagi, na zure kafofin ruwa har na zuba ruwa da buta ya fita ta waje yana tsiyaya a jikin bango. Robar da ke da sauran rai muka jiƙa a ruwan ɗumi muka maida ita, muna turawa baya. Wadda ta mutu na yanki guntunta na sa a aljihu, na yi ta zaga Sabon Gari shago-shago ina gwada bakinta da na kasuwa, domin a wannan taga kusan-daidai ba ya aiki: in ta yi kauri kara ba zai shiga ba, in ta yi siranta gilashi zai ci gaba da rawa. Da na samo, muka yanka weji daga wata roba mai tauri, muka zaunar da gilashin a kansu, muka daidaita shi har filin da ke gefe da gefe ya zama ɗaya.

Sai maida karan, wanda shi ne abin da na fi son tunawa. Maigida ya sa na shanya su a rana na ɗan lokaci, ya ce duk abin da sanyi ya kama karyewa yake yi. Gajeru aka fara sawa, na sama da na ƙasa, dogayen a ƙarshe, saboda su ne za su yarda a lanƙwasa su. Ya soka bakin dogon a kusurwar sama, ya soka ɗaya bakin a ta ƙasa, tsakiyar ta yi doro waje, ya ɗauki gudumar katako da ya naɗe wa kai da tsumma, ya fara bugawa daga baki-baki yana tahowa tsakiya, bugu ƙanana, kuma kowane bugu wajen firam yake nufa, ba wajen gilashi ba. Ƙat. Ƙat. Ƙat. Kowane ƙat ƙugiya ce ta faɗa tsaginta. Da ya zo tsakiya ya yi na ƙarshe, doron ya kwanta, layin ya ɓace, ka rantse ba a taɓa buɗe wurin ba. Ya miƙo mini gudumar ya ce sauran tagogin nawa ne. Ya koma kujera ya rufe ido yana saurare, in bugu ya yi ƙarfi ya ce, “A hankali,” in kara bai gama shiga ba ya ce, “Koma baya kaɗan, akwai saura.” Daga inda yake zaune yake ji.

Daga baya ne, da karance-karance da hira da waɗanda suka yi aikin a waje, na san cewa a Jamus aka fara irin wannan taga cikin shekarun 1950, an yi ta ne don ƙasar da ke tsare ɗumin ɗaki kada ya fita. Na kuma san dalilin da ya sa take kwancewa a wajenmu. Farar robar nan tana miƙewa da zafi tana takurewa da sanyi fiye da duk abin da muka saba da shi. Tsakanin asubar hunturu da azahar ɗin watan Afrilu a Kano akwai tazarar da ta kai digiri 30, kuma a wannan tazara kara mai tsawon mita 2 yana motsawa kusan milimita 4, alminiyam bai kai rabin haka ba, gilashi kuwa ko milimita 1 ba ya kaiwa. Abubuwa biyu a manne, ɗaya yana tafiya yana dawowa, ɗaya yana tsaye, baƙar robar da ke tsakaninsu ita ke shanye bambancin kowace rana ta Allah. Ga kuma ƙurar da iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, mai laushin da ba kafar da ta yi mata ƙanƙanta. Maigida bai san ko ɗaya daga cikin lissafin nan ba. Ya dai taɓa ɗora roba biyu a kan kwano.

Da muka gama gidan, ya yagi falle daga littafin awonsa, ya sa a bakin taga ya rufe a kansa, ya ce Alhaji ya ja. Alhaji ya ja, takarda ta ƙi fitowa. Aka gwada sama, aka gwada ƙasa, aka gwada wajen maratayi. Ya buga ƙofar falo da ƙarfi da gangan, gilashi bai ce uffan ba. Alhaji ya tambayi nawa ne. Maigida ya faɗi kuɗin roba, ya faɗi na motar da na shiga, ya faɗi ladan hannun mutum biyu, ya yi shiru. Alhaji ya ce, “Baba, shi ke nan?” Ya ce, “Abin da muka yi ke nan, Alhaji. Tagarka lafiyarta ƙalau.” A hanyar dawowa cikin kiya-kiya ya raba kuɗin biyu daidai ya ba ni rabi, karo na farko ke nan, na ƙi karɓa, ya cusa mini a aljihu ya juya yana kallon titi.

Allah Ya yi masa rasuwa bayan 'yan shekaru, Allah Ya jiƙansa Ya sa aljanna ce makomarsa. Wuƙar fotin tana wurina. Ƙotarta ta yi baƙi, ta lotsa daidai inda babban yatsansa ke zama, nawa yatsan ya fi nasa faɗi, bai cika dacewa da gurbin ba. Nakan dubi babban yatsan nawa na dama, wanda ya baje ya yi kanta har na'urar banki ke wahalar karanta shi, in tuna cewa yaron nan da na kasance a da shi ne ya fara lalata shi a ɗakunan Fagge, yana tura roba baya yana haɗiye yawu saboda ƙamshin alkaki. Ina sonsa, yaron. Yana da wani irin yaƙini da ban san inda ya samo shi ba, cewa in ya toshe kusurwar nan da kyau, Hajiya za ta yi barci ba tari, kwallarta za ta kwana da ƙyalli, kuma hakan babban abu ne. Bai yi kuskure ba.

Yanzu fararen tagogin nan sun yawaita, a Abuja, a Kaduna, a sababbin unguwannin Kano, kuma abin da ke ci mini rai shi ne bindigar silikon. Gilashi ya fara rawa, a kira yaro, ya tsiyaya farin danƙo a kan kara da roba da komai, har kafofin ruwan ya liƙe, ya goge da yatsa ya karɓi kuɗi. Hunturu ɗaya ƙura ta manne masa ya yi baƙi, na biyu ya fara ɓarewa, ruwan da ya rasa mafita ya kwanta a cikin firam, ranar da gilashi ya fashe kuma sai an yi yanka da ƙanƙara kafin a kai ga karan. Silikon yana da wurinsa, tsakanin firam da bango. Ba shi da aiki a bakin gilashi.

Wanda tagarsa ke karkarwa ko take shigo masa da ƙura, don Allah kada ya yi saurin yanke mata hukunci. Kafin Nuwamba ta kama, ya nemi mai aikin da zai yarda ya buɗe karan, ya share tsagi, ya zure kafofin ruwa, ya duba weji, ya sa roba irin tata ba tare da ya ja ta ba. Ya tsaya a kansa ya ga ya yi. Yawancin tagogin da ake ɓallewa a zubar, gyaransu bai wuce na yini guda ba.